Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha ga Ƙannena Masu Shirin Jarrabawa

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka shiga ajin ƙarshe na sakandare. Akwai kalaman da ba sa rabuwa da bakinku a wannan shekara: "Kaina ya ɗau zafi." "Abubuwa sun yi mini yawa." "Wallahi ban ma san ta inda zan fara ba." Na yarda da ku. Ba raki kuke yi ba, kuma duk wanda ya kira ku ragwaye bai duba abin da ke kanku da kyau ba.

Cikin 'yan watanni ɗalibi ɗaya zai zauna JAMB, wadda galibi akan yi wajen watan Afrilu. Kafin ya sauke numfashi WAEC ta iso a Mayu da Yuni, NECO kuma tana biye da ita har cikin Yuli. Darussa takwas ko tara ne, karatun shekara uku, kuma sai da kiredit biyar, har da Turanci, sannan jami'a za ta kalli takardarsa. Ƙannenmu na Nijar masu jiran BEPC ko BAC su ma sun san irin wannan nauyi. Ga Islamiyya da hadda. Ga shagon Baba ko gona ga namiji, ga girki da wanke-wanke da rainon ƙanne ga mace. Duk wannan a wuyan wanda bai cika shekara ashirin ba.

Abu ɗaya nake so ku riƙe daga wannan nasiha. Rabin nauyin da kuke ji a ƙirji daga rashin sanin iyakar aikin yake fitowa. Aikin da ba a ƙirga ba, zuciya takan ɗauke shi kamar ba shi da ƙarshe, kuma tana ɗaukarsa ne gaba ɗaya a lokaci guda: kana karatun Lissafi tunanin Kimiyya na damunka, kin kwanta barci littafin Adabin da ba ki buɗe ba ya faɗo miki a rai. Ranar da aka ƙirga aikin, aka raba wa kowace rana rabonta, sai ya rage abin da ke kanka na yau ne kawai. Na yau kuwa ana iya ɗaukarsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. A 1927 wata masaniya mai suna Bluma Zeigarnik, wadda ta yi bincikenta a birnin Berlin na Jamus, ta bayyana cewa mutane sun fi tuna aikin da aka katse su ba su gama ba fiye da wanda suka kammala. A 2011 kuma wasu masana biyu a Amurka, Masicampo da Baumeister, suka gano abin da ya fi shafar ku kai tsaye: ba sai an gama aikin ba sannan ya daina kutse cikin tunani. Da zarar mutum ya tsayar da lokaci da hanyar da zai yi shi, damuwar takan lafa, hankalinsa ya dawo kan abin da ke gabansa. Ke nan tsari yana fara biyan mai shi tun kafin ya karanta shafi ɗaya.

To, ta ina za a fara? A fara da fito da aikin daga kai zuwa takarda. Ka ware yamma guda, ka nemi manhajar kowane darasi. JAMB da WAEC duk suna da manhaja a rubuce, ana samunta a intanet da kuma wajen malamai. Ka ɗauki sabon littafin rubutu, kowane darasi ka ba shi shafinsa, ka jera batutuwansa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka bi su da alama iri uku: wanda ka iya, wanda ka ɗan taɓa amma bai zauna ba, da wanda ko sunansa ba ka sani ba. A nan ake bukatar gaskiya, domin takardar taka ce, ba malami ne zai duba ba. Wanda ya sa wa kansa alamar "na iya" a kan abin da ya gani sau ɗaya a allo, kansa ya cuta. Ma'aunin iyawa shi ne ka rufe littafi ka yi wa abokinka bayani ya gane.

Da yawa daga cikinku za su ji tsoron wannan zama, don suna gudun ganin yawan abin da ba su sani ba. Ku daure ku yi. Abin da yakan faru shi ne, idan aka gama jerawa, sai mutum ya ga akwai batutuwa masu dama da ya riga ya iya tun aji ɗaya da aji biyu, sauran kuma suna da adadi. Abin da ke da adadi ana iya raba shi.

Daga nan sai ƙirga kwanaki, kuma daga baya ake farowa. Ka sa yatsa a kan ranar jarrabawa ta farko a kalanda, ka dawo baya har zuwa yau. Ka cire mako huɗu na ƙarshe, na bita ne kawai, ba a shiga sabon karatu a cikinsu. Ka cire rana ɗaya a kowane mako. Ka duba inda azumi da Sallah suka faɗo, tunda watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma karatun mai azumi cikin zafin bazara ba ɗaya yake da na mai shan ruwa a lokacin sanyi ba. Ka cire kwanakin jarrabawar makaranta da bikin gida da ka riga ka sani. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya.

Bari mu yi lissafi a fili. A ƙaddara kana da darussa tara, kowanne da batutuwa 30. Jimla 270 ke nan. Idan ka fara da saura mako 24 na karatu, kwana shida a mako, kana da kwana 144, wato ƙasa da batu biyu a rana. Idan ka bari sai saura mako takwas, kwana 48 ne, kusan batu shida a rana. Idan kuwa sai da ya rage mako biyu, batu sama da 22 ne a kowace rana, abin da babu kan da zai ɗauka. Aikin bai ƙaru da ko ɗigo ba, kwanakin da za su taya ka ɗauka ne suka ƙare. Wannan shi ne ɗaukar Dala ba gammo, kuma a nan ne ɗalibi mai ƙwaƙwalwa yakan fara sauraron masu tallar satar amsa, ya zubar da mutuncinsa da kuɗin iyayensa a kan abin da zai iya samu da guminsa.

Wannan rabo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alƙur'ani izu 60 ne, kuma bugun Madina shafi 604 ne. Mai son sauke shi cikin watan azumi ba ya tsayawa yana kallon kaurinsa. Izu biyu ne a rana, wato kimanin shafi 20, wato shafi huɗu bayan kowace salla. Dattawa da 'yan kasuwa da matan aure masu hidimar gida suna sauka da wannan lissafi kowace shekara. Mahaddaci ma da kaɗan kaɗan yake tafiya: ƙari na yau, tilawar na jiya, da muraja'ar abin da ya wuce. Yawancinku kun tashi cikin wannan tsari, kun san daɗinsa. Ku ɗauko shi ku shimfiɗa a kan Lissafi da Turanci da Kimiyya.

Sai dai akwai tarkon da kusan kowa yake faɗawa a wajen tsarawa, wato raina lokacin da aiki zai ci. A 1994 wani masani mai suna Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada suka tambayi ɗaliban ajin ƙarshe na jami'a kwana nawa suke ganin zai ɗauke su kafin su miƙa kundin bincikensu. Matsakaicin hasashensu kusan kwana 34 ne. Da aka bi diddigi, sai da ya ɗauke su sama da kwana 55, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka gama a lokacin da suka ɗiba. Ba ƙarya suka yi ba. Ɗan Adam idan yana tsara gobe, yakan hango ranar da babu ciwon kai, babu baƙi, babu aike, ba a ɗauke wuta ba. Irin wannan rana kuwa ba ta cika zuwa ba. Saboda haka duk abin da ka ƙiyasta zai ci awa biyu, ba shi uku. Ranar nan guda da ka ware a mako, rabinta na biyan bashin karatu ne, rabinta na hutu. Makarantar allo ma tun kaka da kakanni tana da hutun Alhamis da Juma'a, kuma ba ta fasa yaye alarammomi ba.

Na sha ganin jadawalin ɗalibai da aka ƙawata da biro kala-kala, an cika kowace awa daga asuba har sha biyun dare. Irin wannan ba ya kai mako guda. Ranar da aka saɓa masa sau ɗaya, sai mai shi ya ji ya gaza, ya yage takardar ya koma gidan jiya. Jadawalin da yake rayuwa shi ne wanda aka gina a kan ranarka ta gaskiya. Salloli biyar sun riga sun yanka maka yini gida-gida, sai ka rataya karatun a jikinsu. Bayan sallar asuba, lokacin da gari ya yi tsit kuma kai bai gaji ba, ka ba darasin da ya fi ba ka wuya. Bayan la'asar, in babu Islamiyya, ka yi aikin da ke bukatar biro: lissafi, zane, rubutun insha'i. Bayan isha'i ka yi bitar abin da ka karanta da safe, ka rubuta abin da za ka yi gobe, ka kwanta. In gidanku ba a cika samun wuta ba, kada ka ɗora babban karatunka a kan dare, ka ci moriyar hasken rana.

Kuma ka rubuta aikin kowace rana da sunansa. "Zan yi karatu" ba aiki ba ne, buri ne. "Bayan asuba zan warware tambayoyi goma a kan ma'aunin kusurwa" shi ne aiki, don yana da farko, yana da ƙarshe, kuma idan ka gama za ka ja masa layi. Wannan jan layi kada ku raina shi. Duk ranar da zuciya ta ce maka ba ka yi komai ba, sai ka buɗe littafin ka ga layukan da ka ja, hankalinka ya kwanta. A lokacin karatun kuwa, taura biyu ba ta taunuwa. Waya ta kwana a wani ɗaki, WhatsApp da TikTok su jira. Minti arba'in da hankali a wuri ɗaya ya fi awa uku da ake yi ana leƙen allon waya.

Bita ma sai an ba ta gurbi tun farko. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa a 1885 sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya zama a kai. Don haka abin da ka karanta yau, ka waiwaye shi gobe na 'yan mintuna, ka sake bayan mako, ka sake bayan wata. Mafi kyawun bita ita ce ka rufe littafi ka tambayi kanka, ko ka ɗauko tambayoyin shekarun baya ka amsa. Ku tuna JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, kuma a kan kwamfuta. Wanda bai taɓa gwada kansa da agogo ba, ko bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya sa wannan a jadawalinsa tun yanzu, ya nemi inda zai koya ko da sau ɗaya ne a mako.

Wani ɓangare na tsari shi ne sanin abin da za a ce wa a'a. Ku dubi teloli biyu a watan azumi. Ɗaya ya san yawan kayan da kekensa ke iya fitarwa a rana, ya ƙirga kwanakin da suka rage, da ya cika adadinsa sai ya ce wa mai kawo yadi, "Yi haƙuri, na rufe karɓa." Ɗayan kuwa kunya da kwaɗayi sun hana shi mayar da kowa. Daren Sallah na farko yana gida cikin iyalinsa, na biyu yana shago ido ya yi ja, masu kaya sun yi masa cincirindo a ƙofa, ga ɗinkin gaggawa da ba zai ƙara masa suna ba. Ku ma wannan shekara ba ta ɗaukar komai da komai. Wasu ƙwallayen za a buga ba da kai ba, wasu bukukuwan ƙawaye za a yi ki aika da gaisuwa kawai. Abokin kirki zai fahimta, kuma bayan Yuli duk suna nan.

Aikin gida kuwa ba a ce masa a'a, amma ana neman alfarma, kuma takarda a hannu tana sauƙaƙa roƙon. Bambanci ne babba tsakanin yarinyar da ke ƙunƙuni duk lokacin da aka kira ta, da wadda ta sami mahaifiyarta cikin natsuwa, ta durƙusa ta ce, "Umma, ga yadda na tsara karatuna. Don Allah a bar mini daga asuba zuwa ƙarfe bakwai, wanke-wanken rana da girkin dare kuma nawa ne." Haka namiji zai sami mahaifinsa ya ce, "Baba, ina neman alfarmar a ɗage mini zaman shago ranar Asabar da safe har in gama jarrabawa." Iyaye kaɗan ne za su ga ɗansu ya zo da irin wannan hankali su ƙi taimaka masa. Ku kuma iyaye da yayye da wannan rubutu zai iso gare ku, ku duba nauyin da ke kan 'ya'ya mata musamman. Yarinyar da ta yini a tsaye a madafa ba za ta yi gogayya da wanda ya yini da littafi ba. Ku rarraba aikin a tsakanin 'yan gida na 'yan watannin nan.

Kada ku sayar da barcinku. Likitoci suna ba masu shekarunku shawarar barcin awa takwas zuwa goma, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Kwana a zaune da shayi mai kauri ko goro a daren jarrabawa yakan kai mutum zaure da kai fanko. Ƙwayoyin da wasu ke cewa suna hana barci ko suna ƙara kaifin ƙwaƙwalwa kuwa, ku guje su kamar wuta, sun lalata samarin da suka fi ku ƙarfi.

Wataƙila wani ya ce, ai gobe ta Allah ce, me ya kai bawa tsara watanni shida? Gaskiya ne gobe ta Allah ce, shi ya sa muke cewa in sha Allahu. Amma ku dubi hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina a shekarar 622. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu yana kiwonsu tun watanni kafin tafiya. An ɗauki ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ. Madina tana arewa, amma suka fara nufar kudu, suka kwana uku a kogon Saur har nema ya lafa. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin abin da ake ƙullawa a gari, Asma'u ta shirya guzuri, Amir bin Fuhaira yana biyo sawu da tumaki, Sayyidina Ali kuma ya tsaya mayar wa mutane ajiyarsu. Kowa da aikinsa, kowane aiki da lokacinsa. Babu wanda ya kai Manzon Allah dogara ga Allah, kuma ga irin shirin da ya yi. Haka Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara wa Masar tanadin shekara bakwai na wadata domin shekara bakwai na fari. Tawakkali yana zuwa ne bayan bawa ya yi abin da ke hannunsa, kuma shi ne yake ba mai tsari natsuwa idan wani abu ya kuɓuce masa.

Domin lallai wani abu zai kuɓuce. Zazzaɓi zai kwantar da kai kwana uku, za a yi rasuwa a dangi, wani batu zai ƙi shiga kai. Idan haka ta faru, ba a yage jadawali, gyara shi ake yi. Kowace Juma'a da yamma ka zauna na minti goma sha biyar ka duba abin da ka gama, abin da ya rage, da abin da za ka matsar. Wanda kuma ya karanta wannan nasiha lokaci ya riga ya ƙure masa, kada ya yanke ƙauna. Ya yi lissafin da kwanakin da suka rage, ya fara da Turanci da Lissafi da darussan da kwas ɗinsa ke bukata, ya duba tambayoyin baya ya ga batutuwan da suka fi maimaituwa, ya haƙura da sauran. Zaɓen abin da za a bari da sani shi ma tsari ne, kuma ya fi a yi ta dambarwa da komai a tashi babu ko ɗaya.

Idan kuwa ka yi duk wannan amma damuwar ba ta sauka ba, barci ya ƙaurace maka makonni, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ma ta ishe ka, to abin ya wuce na jadawali. Ka faɗa wa mahaifi ko mahaifiya, ko malamin da ka amince da shi, a je asibiti. Babu abin kunya a ciki, kuma babu jarrabawar da ta kai lafiyarka daraja.

Ƙannena, abin da za ku koya a wannan shekara zai bi ku har bayan an manta da makin da kuka ci. Jami'a na tafe da kundin bincike, aiki na tafe, kasuwanci da aure da tarbiyyar 'ya'ya duk na tafe, kuma kowannensu zai zo muku a dunƙule. Wanda ya iya zama ya ƙirga, ya raba, ya bar sarari, ya yi na yau, ya mallaki sana'ar da zai ci har tsufa. Don haka kada ku jira farkon wata ko ranar Litinin. Yau bayan isha'i ku ɗauki biro da littafi, ku rubuta darasi na farko da batutuwansa. Allah ya sa albarka a lokacinku, ya buɗe muku ƙwaƙwalwa, ya ba ku sakamakon da zai faranta ran iyayenku, ya kuma sa ilimin ya amfane ku da al'umma baki ɗaya. Amin.